Zurfafa a Aikin Jinya Ko Komawa Karatun Likita?

Akwai tambayar da takan tsaya wa ma'aikaciyar jinya a rai bayan ta yi wasu shekaru a bakin aiki, hannunta ya faɗa, har ta kai tana gane abin da ke damun mara lafiya tun likita bai iso ba. Shin ta zurfafa a fagen jinya har ta samu lasisin duba marasa lafiya da rubuta musu magani da kanta, ko kuwa ta tattara komai ta koma aji, ta yi karatun likita daga tushe? Tambayar takan zo wa ɗalibin da ya gama sakandare da sakamako mai kyau, takan kuma zo wa iyayen da ke lissafin shekaru da kuɗin makaranta. A Amurka ne muhawarar ta fi zafi, domin a can ne hanyoyin biyu suka fi kusantar juna, har mara lafiya yakan shiga a duba shi, ya fito da takardar magani a hannu, bai san ko likita ya gani ko nas ba.

Matsayata a kan batun ita ce, duk wanda ya ɗauki jinya mai zurfi a matsayin gajeriyar hanyar zama likita zai ƙare cikin takaici, domin sana'a ce mai zaman kanta, da darajarta da kuma iyakarta. Sannan kafin mutum ya auna zuciyarsa, ya fara duba dokar ƙasar da zai yi aiki a cikinta, don ita ce ke yanke rabin hukuncin. Shawarar da ta dace da nas a Arizona tana iya ɓatar da nas a Gusau.

Matsayin nas mai duba marasa lafiya ya faro ne a jihar Kolorado a 1965. Loretta Ford, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana zagaya ƙauyukan yankin Boulder tana duba mata da yara, ta lura cewa yawancin abin da ke kawo yaro asibiti yana buƙatar wanda ya iya duba kunne da maƙogwaro da ƙirji, ya san rigakafi, ya kuma san lokacin da ciwo ya fi ƙarfinsa ya tura gaba. Likitoci kuwa sun taru a birane. Sai ta haɗa kai da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe kwas na farko a Jami'ar Kolorado. A shekarar ne kuma gwamnatin Amurka ta kafa Medicare da Medicaid, inshorar lafiyar tsofaffi da ta talakawa, miliyoyin mutane suka samu damar zuwa asibiti, masu duba su ba su ƙaru ba. Ba likitoci kaɗai suka yi wa Ford adawa ba. Wasu manyan malaman jinya ma sun soke ta, suna ganin tana neman mayar da nas-nas ƙananan likitoci. Ta rasu a watan Janairun 2025 tana da shekara 104, a lokacin masu riƙe da lasisin da ta assasa sun haura 385,000.

Yau a Amurka jinya mai zurfi ta kasu huɗu. Akwai nas mai duba marasa lafiya, wadda suke taƙaita sunanta da NP. Akwai mai ba da maganin sa barci a ɗakin tiyata. Akwai nas ungozoma. Akwai kuma ƙwararriya a wani fanni da ke horar da sauran ma'aikata da gyara tsarin kula da marasa lafiya a asibiti. Ta farkon ce ta fi yawa, ita ce kuma ake kwatantawa da likita. Tana sauraron ƙorafin mara lafiya, ta duba jikinsa, ta tura shi gwaji, ta faɗi ciwon, ta rubuta magani.

Amma yawan abin da za ta yi ita kaɗai ya danganta da jihar da take. Jihohi 27 da birnin Washington sun ba ta cikakken iko, tana iya buɗe asibitinta ba tare da likita a kanta ba. Jihar Utah ce ta cika adadin a 2023. A Texas da Jojiya kuwa sai da yarjejeniyar likita mai sa ido, kuma a wurare da dama NP takan biya likitan kuɗi duk wata don sunansa ya zauna a takardarta. New York ta zaɓi tsaka-tsaki a 2022: sai nas ta cika awa 3,600 tana aiki kafin a cire mata sharaɗin. Mutum ɗaya, ilimi ɗaya, amma tsallaka iyakar jiha yana sauya abin da doka ta yarda ta yi. Lasisin likita ba ya fuskantar irin wannan. Wannan bambanci ne da masu zaɓe ba su cika kula da shi ba sai sun gama karatu.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne horo. Likita a Amurka yakan yi digirin farko na shekara huɗu, ya ci jarrabawar shiga makarantar likitanci, ya yi wasu huɗu a can, sannan ya shiga horon ƙwarewa da ake kira residansi, shekara uku ga likitan iyali ko na yara, har bakwai ga mai tiyatar ƙwaƙwalwa. Wahalar wannan horo ta kai sai da aka sa doka a 2003 cewa kada mai koyo ya wuce awa 80 a mako. NP kuwa takan yi digirin jinya na shekara huɗu, yawanci ta yi aiki na wani lokaci, sannan ta ƙara shekara biyu zuwa huɗu a digiri na biyu ko na digirgir a fagen jinya. Mafi ƙarancin awannin da ake nema ta yi a gaban marasa lafiya ƙarƙashin malami awa 500 ne, sabon ma'aunin 2022 ya ɗaga shi zuwa 750. Ƙungiyar likitocin Amurka tana cewa nata mutanen sukan yi tsakanin awa 12,000 zuwa 16,000. Ƙungiyoyin jinya sukan mayar da martani cewa ba a lissafa shekarun da nas ta yi a gefen gadon mara lafiya kafin ta koma makaranta ba. Suna da gaskiya a nan, wannan gogewa ta haƙiƙa ce. Sai dai lura da mara lafiya da aiwatar da abin da aka rubuta daban, zama wanda zai ce “ga abin da ke damunsa” ya sa hannu kuma daban.

Me waɗannan dubban awanni suke saya wa likita? A ganina, suna saya masa sanin abin da ba kasafai ake gani ba. Mutane da yawa za su zo da ciwon kai da kasala, mafi yawansu ba wani abu ba ne face gajiya ko zazzaɓi ko hawan jinin da aka yi sakaci da shi. Amma a cikinsu akwai wanda jijiya ta fashe masa a ka, akwai wanda ƙodarsa ta fara gazawa, akwai mai sanƙarau da bai gama bayyana ba. Dukkansu kalma ɗaya za su faɗa a bakin ƙofa. Dogon horon likita, da kwanan asibiti, da tsayuwa gaban babban likita da safe ana tambayarsa me ya sa ya yi kaza bai yi kaza ba, duk an gina su ne don ranar da wannan mutum ɗaya zai shigo. Ana koya masa zama da rashin tabbas, ya jera cututtuka biyar da abin zai iya zama, ya kore su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ɗauki alhakin kuskure idan ya auku, domin babu wani a samansa da zai miƙa wa.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda masu fifita likita sukan manta. Mai ciwon suga an riga an san ciwonsa, maganinsa ma sananne ne. Abin da ke kai shi ga yanke ƙafa shi ne ya daina shan magani da ya ji sauƙi, ko ƙaramin rauni a yatsa da ba wanda ya cire masa takalmi ya duba, ko abincin gidan da ba shi da ikon sauyawa. Wannan mutum yana buƙatar wanda zai zauna da shi, ya san matarsa da ke girki, ya tambaye shi ko kuɗin maganin ne ya gagara, ya kira shi idan bai dawo ba. Tarbiyyar jinya tun daga tushe a kan haka aka gina ta. Hawan jini, asma, awon ciki, rigakafin yara, tazarar haihuwa, kula da tsofaffi: mafi yawan aikin lafiya na yau da gobe irin wannan ne, kuma nas da ta samu horo mai kyau tana yin sa yadda ya kamata.

Bincike ma haka ya nuna, idan aka karanta shi da adalci. A 2000 mujallar JAMA ta buga wani gwaji da Mary Mundinger da abokan aikinta suka yi a New York, inda aka raba marasa lafiya 1,316 ta hanyar ƙuri'a tsakanin likitoci da NP a asibitocin sha-ka-tafi. Bayan wata shida ba a ga bambancin a zo a gani a lafiyarsu ba. A 2018 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 18 irin wannan, ta ce a matakin farko na kiwon lafiya sakamakon nas-nas ya yi daidai da na likitoci, wani lokaci ma ya ɗan fi, marasa lafiya sun fi gamsuwa, nas-nas kuma sun fi daɗewa tare da su. Sai a 2022 masana tattalin arziki biyu, David Chan da Yiqun Chen, suka duba sama da ziyara miliyan ɗaya a sassan gaggawa na asibitocin tsofaffin sojojin Amurka. A nan labarin ya sauya. Waɗanda NP ta duba sun fi daɗewa a sashen da kashi 11 cikin ɗari, kuma dawowa a kwantar da su kan abin da za a iya kauce masa ya ƙaru da kashi 20. Tazarar ta fi faɗi inda ciwon ya fi sarƙaƙiya, ta kuma ragu inda nas ta fi gogewa. Binciken ya ƙara da wani abu da kowane ɓangare ba ya son ambata: bambancin da ke tsakanin ma'aikata a cikin sana'a ɗaya ya fi wanda ke tsakanin sana'o'in biyu girma, har akwai NP da yawa da suka fi wasu likitoci.

Kowane ɓangare yakan ɗauki binciken da ya yi masa daɗi ya yi ta kaɗawa. Ni ban ga saɓani a tsakaninsu ba. Inda ciwo sananne ne kuma kulawa ake nema, nas ta wadatar. Inda ciwo ya ɓuya ko ya haɗu da wasu uku, tsawon horo yana nuna kansa. Akwai kuma wata matsala da masu kishin jinya ya kamata su fi kowa damuwa da ita. Makarantun NP sun yawaita a Amurka, da dama ta intanet suke koyarwa, wasu suna karɓar wanda bai taɓa aikin jinya na kirki ba, wasu kuma suna barin ɗalibi ya nemo wa kansa wanda zai koya masa aiki. Ford ta gina tsarinta ne a kan gogaggun nas-nas. Idan aka cire gogewar, aka bar awa 500 kawai, an cire ginshiƙin.

Batun kuɗi ba shi da wuyar fahimta. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin albashin NP kimanin dala 126,000 ne a shekara, na mai ba da maganin sa barci ya haura dala 212,000, likitan iyali kuma yana wajen dala 240,000, ƙwararrun tiyata da na zuciya sun fi haka nesa ba kusa ba. Medicare tana biyan NP kashi 85 cikin ɗari na abin da take biyan likita a kan aiki iri ɗaya. Amma ɗalibin likita yakan fito da bashin karatu na kusan dala 200,000, kuma a shekarun residansi albashinsa bai kai na nas ta gama-gari ba. Wanda ya fara yana ɗan shekara 22, lissafin yana komawa wajen likita a ƙarshe. Nas mai shekara 35 da 'ya'ya uku kuwa, wadda za ta sake darussan kimiyya, ta bar albashi shekara huɗu, ta ƙara aƙalla uku a kan ƙaramin albashi, ba tare da an rage mata ko zango ɗaya saboda gogewarta ba, lissafinta daban ne ƙwarai. Kuma kada a raina maganar shekaru. Mafi yawan masu wannan tambaya mata ne, shekarun horon likita kuma su ne shekarun aure da haihuwa da raino. Mata da yawa sun haɗa duka sun yi nasara, amma da taimakon miji ko uwa ko 'yar'uwa da ta riƙe gida. Wadda ba ta da wannan, ta sa shi cikin lissafi tun da wuri, ba aibu ba ne.

To, mu a nan fa? A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara da abin da yake gani a bidiyoyin 'yan ƙasar waje. A Najeriya babu wani matsayi da doka ta kafa irin na NP ta Amurka. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma tana yi wa mutum rajista a matsayin nas ko ungozoma, sannan akwai kwasa-kwasan ƙwarewa na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi: jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, jinyar ƙashi a asibitin Dala na Kano, jinyar taɓin hankali a asibitin Barnawa, da na ɗakin tiyata, da na sa barci, da na yara. Akwai digirin jinya na shekara biyar, wanda Jami'ar Ibadan ta fara buɗe wa sashe tun 1965, akwai digiri na biyu da na digirgir. Duk waɗannan ilimi ne mai amfani. Sai dai manyan digirorin suna kai mutum ga koyarwa ko bincike ko shugabancin sashe ne, ba sa ba shi lasisin zama a ɗakin duba marasa lafiya da cikakken iko irin na takwararsa ta Arizona.

Abin da ke ci mini rai shi ne, aikin kansa ana yin sa kullum. A manyan asibitocin ƙananan hukumomi da yawa, nas ce ke sa mara lafiya barci likita ya yi tiyata. Ungozoma ce ke tarbar mai jijjiga da tsakar dare, ta ɗaura mata ruwa, ta yi mata allura, ta yanke hukuncin a wuce da ita gaba ko a tsaya. A ƙananan asibitocin karkara kuwa, gurbin da NP ta cika a Amurka jami'an lafiyar al'umma ne suka cika shi, waɗanda aka fara horarwa tun ƙarshen shekarun 1970, suna aiki da littafin ƙa'idoji da ke gaya musu abin da za su ba mai kaza da lokacin da za su tura shi gaba. A Nijar ma, majo ne ke riƙe da yawancin asibitocin karkara, kuma nas ne. Gwamnatin Najeriya ta amince da wannan gaskiya a 2014 da ta fitar da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya. Amma manufa ba ta zama matakin aiki da albashi da kariyar doka ba. Nas tana ɗaukar nauyin, idan abu ya yi kyau ba a rubuta sunanta, idan ya ɓaci a tambaye ta wa ya ba ta izini.

Shi ya sa a Najeriya sikelin ya fi karkata wajen likita fiye da yadda yake a Amurka. Tun 2009 tsarin albashin likitoci daban, CONMESS, na sauran ma'aikatan lafiya daban, CONHESS, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana cikin abin da ke haddasa yajin aikin gamayyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU. Shugabancin asibitocin koyarwa na tarayya a hannun likitoci yake. Hanyar likita dai doguwa ce: shekara shida a jami'a idan malaman jami'a ba su yi yajin aiki ba, alhali na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, shekara ɗaya ta hidimar ƙasa, sannan neman gurbin horon ƙwarewa, wanda shi kansa yakan ci shekara biyar ko shida, da jarrabawoyin da ake faɗuwa a sake. Mai digirin jinya da ya nemi komawa, a jami'o'in da ke karɓa, aji biyu zai shiga, tare da ƙannensa. Amma a ƙarshen hanyar akwai matsayi tabbatacce da kowa ya sani.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu. Botswana tana horar da nas-nas masu duba iyali tun farkon shekarun 1980. A Ghana, jami'ar UDS da ke Tamale ta fara irin wannan shiri a 2001, saboda arewacin ƙasar ba ya samun likitoci. Afirka ta Kudu ta ba nas-nas izinin ɗora masu cutar ƙanjamau a kan magani a 2010, kuma gwajin da aka yi a lardin Free State, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012, ya nuna babu cutarwa a ciki. Ba don haka ba, da shirin maganin ƙanjamau mafi girma a duniya bai kai ƙauyuka ba.

Akwai kuma masu wannan tambaya da idonsu a waje yake. Magatakardan majalisar jinya ta Najeriya ya ce a farkon 2024 nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, ministan lafiya Muhammad Ali Pate kuma ya ce likitoci kusan 16,000 sun tafi cikin shekara biyar zuwa bakwai. Gaskiya ne ƙofar nas ta fi saurin buɗewa: ta ci jarrabawar NCLEX ta Amurka ko ta majalisar jinya ta Birtaniya, ta fara aiki, daga baya ta nemi digiri na biyu. Likita kuwa, ko ya zama kwansaltan a Zariya, a mafi yawan jihohin Amurka sai ya ci jarrabawar USMLE ya sake residansi daga farko, gurbin ma sai an yi takara. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wadda ta yi makarantar jinya ta shekara uku sai ta cika digiri kafin a karɓe ta a karatun NP, ga kuɗin makaranta, ga biza, ga shekarun jira. Ba na zargin wanda ya tafi, kowa ya san abin da ya kore shi. Amma ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya a 2023 ba ta da halin ci gaba da horar da ungozomomi tana yi musu rakiya zuwa filin jirgi. Kuma rashin matakin da nas za ta hau a gida yana cikin abin da ke tura ta.

Ga wanda ke tsaye a mararrabar, tambayar da ta fi amfani ita ce: wane ɓangare na aikin asibiti ne yake riƙe maka zuciya? Idan kai ne wanda in an gama zagayen safe kake komawa littafi kana neman dalilin da ya sa gwajin jinin nan ya fito haka, idan kana jin ƙaiƙayi duk lokacin da aka ce a jira likita ya zo ya yanke, idan tiyata kake so ko ciwon da ya gagari kowa, to likitanci kake so, kuma babu kwas ɗin jinya da zai kashe maka wannan ƙishirwa. Ka tafi tun kana da sauran shekaru, ko da sau biyu za ka zauna JAMB. Na fi tausayin wanda ya shiga jinya don bai samu gurbin likita ba, ya yi shekara talatin yana kallon aikinsa a matsayin na biyu. Marasa lafiya sukan ji wannan a hannunsa.

Idan kuwa abin da ke faranta miki rai shi ne ganin mai hawan jinin da kika bi shekara biyu ya daidaita, ko matar da kika yi wa awo tun cikin wata uku ta sauka lafiya, idan kin fi son sanin mutum da gidansa a kan sanin cuta mai wuyar suna, kuma ba ya yi miki ciwo ki ce “wannan ya wuce ni, a kai shi gaba,” to ki zauna a jinya ki zurfafa, ki ɗaga kai. Ki yi aiki sosai kafin ki koma makaranta, ki zaɓi makarantar da za ta sa ki a gaban marasa lafiya, ki kuma karanta dokar inda za ki zauna kafin ki biya ko sisi. Ki sani cewa a Najeriya ta yau, ladan zurfafawar zai fi yawa a ilimi da amanar jama'a fiye da a takardar albashi.

Sauran maganar ta hukumomi ce. Ma'aikatar lafiya ta tarayya da majalisar jinya da ta likitoci su zauna su kafa wannan matsayi da doka, su rubuta a fili abin da nas mai zurfin horo za ta duba da magungunan da za ta rubuta da inda za ta tsaya. A sa sharaɗin shekarun aiki kafin shiga, a yi horon a asibitocin koyarwa irin na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, likitoci su shiga cikin masu koyarwa kamar yadda Silver ya yi, a kuma ba shi matakin albashi na kansa. Ƙungiyar likitoci kada ta ɗauki wannan a matsayin cin iyaka, domin ƙauyukan da ake magana a kansu ba likita a cikinsu tun farko. Gwamnonin arewa, da suka fi kowa ƙarancin likitoci, su ya kamata su fara kai wannan buƙata gaban majalisar lafiya ta ƙasa.